Tambayi Likita: Bayana ya ƙi ruku'u, sanyi ne ko maganin ne ke cin ƙashina?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka taru min kusan duk hanya ɗaya suka bi, ciwon baya, gwiwa, ƙwauri, ƙugu, kuma duk daga mutanen da ke ɗauke da ƙwayar HIV suna shan magani, to sai na ce bari in haɗa su wuri guda in amsa. Kowa ya ce a sakaya sunansa kuma na sakaya, wani ma har garinsu ya ce kar in faɗa. Na ɗan rage tsawon wasu amma ban taɓa maganarsu ba. Ku dai tuna ni daga nan ba na ganin ƙafar kowa, hanya kawai nake nunawa, wanda zai taɓa ka da hannu ya danna ya ji shi ne likitanka.

TAMBAYA: Slm Likita, dan Allah a sakaya sunana. Ni mace ce shekarata 34, yarana uku, shekara biyar kenan da aka gano inada cutar lokacin awon cikin autana. Da ina shan maganina lafiya lau amma gaskiya bara nayi wajen wata bakwai ban karɓa ba saboda mun koma gidan surukai kuma ba wanda ya sani sai mijina, yanzu dai na koma. To wata huɗu kenan bayana ke ciwo, tsakiyar baya sama da kwankwaso, da dare ma yafi, ruku'u ya gagare ni a zaune nake sallah, ga zufa cikin dare har sai na canja riga, na rame zani ma baya zama. Kwanan nan ƙanwata tana shafa min man zafi tace taji wani ƙashi ya ɗan turo kaman ƙulli. An ce sanyi ne nasha maganin sanyi har na gaji, wata kuma tace maganin da nake sha ne yake cin ƙashi in daina. Satin nan kuma ƙafata ta hagu nauyi take min, silifas yana fita ban sani ba. Likita meke damuna?
Baiwar Allah, daga Kano

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Da saƙonki na fara ba don shi ya fara zuwa ba, sai don layin ƙarshen nan da kika rubuta kamar ba komai ba, wai silifas na fita ba ki sani ba. Wannan layin ne ya hana ni zama. Kar ki jira ranar karɓar magani, kar ki jira ƙarshen wata, gobe da safe ki tafi asibiti, kuma tunda a Kano kike ga Asibitin Ƙashi na Dala ga na Malam Aminu Kano, duk sun san wannan ciwon sarai.

Abin da ya fi zuwa min a rai shi ne tibi ta ƙashin baya. Na san za ki ce ai Likita ni ba na tari. To ai nan ne mutanenmu ke ruɗewa, saboda sunan da muka ba cutar, tarin fuka, tarin tibi, sai a ɗauka in ba tari ba tibi. Ƙwayar ta huhu take shiga gaskiya ne, amma tana bin jini ta je ta sami wuri ta laɓe shekara da shekaru, garkuwar jiki ta tsare ta kamar ɗan kaso, ranar da garkuwar ta yi rauni sai ta ɓalle. Wata bakwai ɗin nan da kika yi ba magani shi ne ya buɗe mata ƙofa, ba faɗa nake miki ba, na san zaman gidan surukai, na ga matan da ke juye ƙwayar a robar kanwa ko su kankare takardar jikin kwalbar don kar a gane. Mai HIV ya fi wanda ba shi da ita haɗarin kamuwa da tibi sama da ninki goma, kuma in tibi ta tashi kama ƙashi, kusan rabin lokuta gadon baya take zaɓa. Tsohon ciwo ne, wani likitan tiyata a Ingila mai suna Percivall Pott ya yi bayaninsa tun 1779, shi ya sa za ki ji likitoci na kiransa ciwon Pott.

Yadda take yi shi ne, ƙashin baya jere yake kamar an ɗora tubali kan tubali, sai ta cinye gaban tubali ɗaya ko biyu, nauyin jiki ya danne su su rufta ta gaba, bayansu kuma ya turo waje. Ƙullin da ƙanwarki ta ji kenan, in aka bar shi shi ne ke zama doro. Mugunya kuma ta taru a wurin, irin mugunyar da ba zafi ba ja ba kamar ta maruru ba, wani lokacin ma ta gangara ta fito a matsematsi ko gefen ciki mutum ya ɗauka ƙaba ce. Matsalar ita ce laka ta nan tsakiya ta wuce, mugunyar da ƙashin da ya rufta suna danne ta, shi ne ƙafa ke fara nauyi. In kika ji ƙafa ta biyun ma ta soma, ko fitsari ya ƙi fita, ko yana zuba ba ki sani ba, ko bayan gida ya kufce miki, to ko ƙarfe biyun dare ne a ɗauke ki. Kuma ki kwantar da hankali, ƙafar da tibi ta danne tana dawowa sosai in an kama abin da wuri, na ga waɗanda aka shigo da su a keken guragu suka koma gida da ƙafarsu, amma waɗanda suka shekara a kwance ana tofi ana turare kafin a kawo su, su kam sai dai addu'a.

In kin je za a yi hoton baya, sai dai hoton ƙashi na gama gari yakan fito kamar lafiya lau a farkon ciwo, na MRI ne ke nuna laka da mugunyar, yana da tsada kam amma a halin da kike ciki ya cancanci a sayar da akuya. Za a yi hoton ƙirji, a karɓi majina a saka a na'urar GeneXpert mai gano ƙwayar tibi, kuma ko majina ta fito ba komai wannan bai wanke bayan ba, in an samu damar zuƙo mugunyar da allura ita za a gwada. A duba miki CD4, wato ma'aunin ƙarfin garkuwar jiki, da yawan ƙwayar HIV a jini, in CD4 ya yi ƙasa da 200 akwai wani gwajin tibi na fitsari da ake yi. Akwai wasu cututtukan da ke kama da wannan, har da wadda ake ɗauka ta madarar da ba a tafasa ba, shi ya sa ba a yanke hukunci da ka.

Magani kyauta ne a cibiyoyin tibi na gwamnati, amma ki shirya, na huhu wata shida ne, na ƙashi a tsarin Najeriya wata goma sha biyu ne cur, wata biyun farko ƙwaya mai haɗin magani huɗu, sauran wata goma mai haɗin biyu. Fitsarinki zai koma ja kamar zoɓo ya sirka, har hawaye da gumi, ba jini ba ne, rifamfisin ne, ɗaya daga cikin magungunan tibin. Amma in ido ya yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko gani ya fara dishi-dishi, a koma asibiti ranar. Ki roƙi a haɗa miki da bitamin B6 saboda zafin tafin ƙafa.

Yanzu ga wurin da nake so ki buɗe kunne, ke da duk mai karatu. Maganin da yawancinku ke sha yanzu, TLD, ƙwaya ɗaya ce mai magani uku a ciki, ɗayansu dolutegrabiya. Shi rifamfisin na tibi yana zuga hanta ta riƙa ƙone dolutegrabiya da sauri, sai ya zamana kina sha kullum ba fashi amma abin da ke jininki bai kai ya tsare ƙwayar HIV ba. Gyaran mai sauƙi ne, ana ƙara miki wata 'yar ƙwayar dolutegrabiya mai miligiram 50 ki sha awa goma sha biyu bayan TLD ɗin, wato in da dare kike sha to ƙarin da safe, har sati biyu bayan an gama maganin tibi. To wa zai ƙara miki in bai sani ba? Abin da nake gani kullum kenan, mutum na da kati biyu, ɗaya a asibitin ƙashi ɗaya a wurin karɓar ARV, wato maganin HIV, ya ɓoye wa wancan wannan ya ɓoye wa wannan wancan, kowane likita na aiki da rabin labari. Ki ɗauki kwalbar maganinki ki saka a jaka ki ajiye ta kan teburin likitan ƙashi, ba sai kin yi dogon bayani ba, da ya gani ya gane. Kuma in kina da robar tsarin iyali a hannu ko kina shan ƙwayar, ki faɗa, rifamfisin na rage musu ƙarfi su ma.

Ita kuma mai cewa ki daina magani, ki gaishe ta kawai. Daina shan ne ya kawo mu nan. Wani lokacin ma bayan an koma kan ARV ciwon tibin kan ɗan ƙara tashi na wasu makonni saboda garkuwar jiki ta farfaɗo ta tarar da baƙo a gida ta hau faɗa, likitoci sun san da wannan suna da abin da suke bayarwa, ba dalilin ajiye magani ba ne. Batun yara kuma, tibin ƙashi kaɗai ba ta yaɗuwa ta numfashi, sai in huhu ma ya kamu, amma duk da haka a kai su a duba.

TAMBAYA: Likita barka da aiki. Ni magidanci ne shekara 41, tela ne. Kwana uku da suka wuce gwiwata ta dama ta kumbura dare ɗaya, zafi kaman an saka garwashi, ko lanƙwasawa bana iyawa balle taka keke, ga zazzaɓi da rawar sanyi. Ban faɗi ba ban buge ba, sai dai wani maruru da na matse a cinya satin da ya wuce. Mai kemis ya bani diklofenak da ampiclox yace in bai sauka ba zai min allura a cikin gwiwar, wanzaminmu kuma yace jini ne ya taru ayi ƙaho ko sakiya. Ina shan ARV shekara biyu.
Wani tela, ba a faɗi gari ba

AMSA: Malam, ajiye almakashin nan ka tafi asibiti yau, ina fata ma kafin wannan shafin ya fito ka riga ka tafi, don na tura maka amsa ta waya tun ranar. Gaɓa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, ta ƙi motsi, ga zazzaɓi, mu a wurinmu mugunya ce a cikin gaɓa har sai gwaji ya ce ba ita ba ce. Marurun nan da ka matse shi nake zargi, akwai ƙwayar cutar da ke zaune a fatar mutane, stafilokokus, ita ce uwar maruru, in ta samu ta shiga jini gwiwa na cikin wuraren da ta fi son sauka.

Bambancin naka da na baiwar Allah ta sama shi ne sauri. Tibi a hankali take ci wata da watanni kamar gara, wannan kuwa gobara ce, guringuntsin da ke shimfiɗe a kan ƙashi wanda ke sa gwiwa ta lanƙwashe sumul, mugunya na iya lalata shi cikin 'yan kwanaki, kuma guringuntsi in ya tafi ya tafi, ba ya tsirowa. Tela da sandararriyar gwiwa ka san abin da ake nufi.

A asibiti za a wanke wurin a soka allura a zuƙo ruwan a kai ɗakin gwaji, da ido ma ana gane wani abu, ruwan gaɓa mai lafiya garai yake kamar farin ƙwai, na ciwo kuma ya fito kamar kunun da ya kwana. Daga nan a saka allurar antibayotik ta jijiya, sau da yawa kuma sai an shiga tiyata an wanke gaɓar, sannan a ci gaba da magani na makonni, ba na kwana biyar ba. Ka faɗa musu ka sha ampiclox da kwana nawa ka sha, don yana iya sa gwajin ya fito ba komai alhali ƙwayar na nan, ya dai rufe mata fuska ne. Kuma ka faɗa musu gaskiya in akwai ciwon sanyi na mara, fitar ruwa ta gaba ko zafin fitsari, don ƙwayar wannan ma tana hawa gaɓoɓi, maganinta daban kuma sai an haɗa da iyali.

Allurar cikin gwiwa a shagon kemis kuwa, ina roƙonka da girman Allah kar ka yarda. Yawanci sitiroyid ce, tana kwantar da zafi kwana biyu ta kuma kwantar da ɗan sauran sojan da ke faɗa a wurin, ƙwayar ta samu fili. Sakiya da ƙaho su ma ƙofa ce za a buɗe wa wata ƙwayar ta shigo ta tarar da ta farko, ban raina sana'ar wanzamai ba, ni ma su suka min aski na farko, amma gaɓa ba wurinsu ba ne.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ɗan yayata ne marigayiya nake riƙo, shekararsa 14, da cutar aka haife shi. Tun yana shekara 11 ƙwaurinsa ya kumbura bayan ya faɗi a ƙwallo, muka kai wajen mai ɗori yace targaɗe ne ya ɗaure, daga baya wajen ya fashe yana ruwa. Yau shekara uku, in yasha magani ya rufe bayan wata biyu ya sake ɓullowa, rannan har wani ɗan abu ya fito kaman tsinken sakace fari, mutane sunce ajiya ce aka masa. Yaro ya daina zuwa makaranta saboda wari. Ko saboda cutar ne bazai warke ba?
Gwaggonsa, daga Funtuwa

AMSA: Hajiya Allah ya saka miki da alheri da riƙon maraya. Abin da ya fito ɗin nan ba ajiyar kowa ba ce, ƙashin yaron ne, guntun da ya mutu jiki ya turo shi waje. In kin adana shi ki tafi da shi asibiti a ƙulle a leda.

Ga yadda abin yake. Tun farko ba targaɗe ba ne, ƙwayar cuta ce ta bi jini ta sauka a ɓargon ƙwauri, abin da ya fi faruwa ga yara masu tasowa ko da ba su da HIV, faɗuwar ƙwallon ta dai zo daidai ne aka ɗora mata laifi. Mugunya ta taru a cikin ƙashi ba wurin fita, ta toshe hanyoyin jini, wani yanki na ƙashin ya mutu, sabon ƙashi ya tsiro ya kewaye shi kamar kube da wuƙa, sai aka bar 'yar ƙofa da ruwan ke bi. To shi mataccen ƙashi jini ba ya zuwa wurinsa, magani kuwa a jini yake tafiya, kin ga ko buhu guda na kafso ya shanye ba zai kai inda ƙwayar ta yi gida ba, na gefe-gefe kawai yake kashewa, ramin ya rufe, a yi murna, bayan wata biyu a dawo gidan jiya. Abin da ke raba wannan gardama tiyata ce, a buɗe a ciro mataccen a kankare wurin, a ɗauki nama daga can ciki a gwada a san wace ƙwaya ce da maganin da ke jin ta, sannan a bi da antibayotik wajen sati shida ko fiye. A roƙi a gwada har da tibi, don ita ma tana yin irin wannan gyambon.

Abu biyu zan tambaya. An taɓa duba jininsa na sikila? In ba a yi ba a yi, masu sikila ƙashinsu na yawan kamuwa, kuma sau da yawa da ƙwayar salmonela, dangin ta taifot, wadda ita ma tana addabar masu raunin garkuwa. Na biyu, yaushe rabon a auna yawan ƙwayar HIV a jininsa? Yara 'yan shekara goma sha ɗin nan su suka fi kowa wasa da magani, ya karɓa a hannunki ya ce ya sha ya tura ƙarƙashin katifa, musamman in ba a taɓa zaunar da shi an faɗa masa maganin mene ne ba. Shekara 14 ya isa ya sani, ma'aikatan wurin karɓar maganin sun iya wannan zaman, ki nemi su taya ki. In awon ya nuna ƙwayar ta kwanta, yana cin abinci mai kyau, ƙwai, wake, kifi, gyaɗa, abin da ya samu dai, to ƙashinsa zai warke kamar na kowane yaro. Kar a ƙara barinsa haka, gyambon da ya daɗe shekaru masu yawa yana ruwa bakinsa kan iya rikiɗewa ya zama daji, ba kasafai ba amma yana faruwa, kuma ƙashin da ciwo ya rarake ƙaramin tuntuɓe ke karya shi.

TAMBAYA: Lokotoro ina gaisuwa. Ni ɗan kabu-kabu ne, mota ta buge ni ƙashin cinya ya karye amma bai huda fata ba. A gidan likita sunce sai an saka ƙarfe, abokina yace mai SIDA in an sa mishi ƙarfe ruɓewa yake har a yanke ƙafa, gara in tafi ɗorin gida. Ina shan magani shekara shida, awon baya sunce ba a ganin ƙwayar.
Ɗan'uwanku daga Maraɗi

AMSA: Ƙanena sannu, Allah ya kiyaye gaba. Maganar abokinka tsohon tsoro ne na zamanin da ba magani, lokacin su kansu likitocin suna ɗari-ɗari. Daga baya an bi diddigin masu karaya da aka saka wa ƙarfe a Malawi da Afirka ta Kudu, inda masu cutar ke da yawa, aka ga in karayar ba ta huda fata ba kuma aka yi aikin da tsafta, ƙashin mai HIV na haɗewa, ciwon ma ba ya fin na sauran mutane ruɓewa. Kai da ma ƙwayarka ta kwanta shekara da shekaru, ba ka da abin tsoro fiye da maƙwabcinka. Inda ake taka tsantsan shi ne karayar da ƙashi ya fito waje ya sha ƙasa, ko mutumin da CD4 ɗinsa ya faɗi warwas.

Ɗorin gida a ƙashin cinya kuwa, naman wurin ƙarfi gare shi yana jan ƙashin ya hau kan ɗan'uwansa, sai ƙafa ta gajarce, ga ɗaurin kara da ake tamkewa har jini ya tsaya, yawancin ƙafafun da na ga an yanke bayan karaya daga nan suka fito ba daga ƙarfe ba. Ka faɗa wa mai tiyata da mai sa barci maganin da kake sha, ka shiga asibitin da kwalbarka kar kwanciya ta sa ka yi fashi, in kana shan taba ka ajiye don ita kam tabbas tana hana ƙashi haɗewa. Bayan aiki in ka ga wurin ɗinkin na ruwa ko ya yi ja ko zazzaɓi ya zo, koma da wuri.

TAMBAYA: Likita ni ƙuguna ne ke ciwo ta matsematsi wajen shekara guda, ina ɗingishi, ba zazzaɓi ba kumburi. Na rame ne da farko mutane suka fara magana shine ƙawata ta haɗa ni da maganin ƙiba, nayi wajen shekara biyu ina sha. Yanzu ina shan diklofenak kullum da maganin ƙarin kalshiyam da na ƙarin jini, duk tare nake haɗawa da ARV da dare in huta.
Wata ɗaliba, daga Zariya

AMSA: Ƙanwata, naki bai yi kama da ƙwayar cuta ba, ko da yake tibi ma na kama ƙugu a hankali haka, sai an duba. Abin da na fi zato shi ne kan ƙashin cinya, ɗan dunƙulen nan da ke juyawa cikin ƙugu, jini ya daina isar masa ya fara mutuwa. An fi ganinsa ga masu HIV da masu sikila da masu shan giya, sai kuma babban mai laifi, sitiroyid, kuma yawancin abin da ake sayar muku da sunan maganin ƙiba, sha ka fashe da su deksa, shi ne a ciki. Kumburi ne ba ƙiba ba, kuma yana ƙara danne garkuwar da kike ta fama ki ɗaga. Amma in har yanzu kina sha kar ki yanke shi rana ɗaya, jikin da ya saba shekara biyu sai an janye masa a hankali a hannun likita. Ki je a yi hoton ƙugu biyun duka, don yakan kama ɗayan ma a ɓoye, ga asibitin koyarwa na Shika nan kusa da ke.

Diklofenak kullum ki daina. A cikin TLD akwai tenofobiya, magani ne mai kyau amma ta ƙoda yake fita, kuma gaskiya yana ɗan rage ƙwarin ƙashi ga wasu, daga nan ne ma jita-jitar yana cin ƙashi ta samo asali, sai dai ragin kaɗan ne kuma in ya zama matsala canja shi ake yi ba dainawa ba. To ki haɗa shi da diklofenak wata da watanni, ƙodar ce ke shan wahala, ki ce a duba miki ita, kafin nan ki tsaya a farasitamol.

Sai haɗin gambizar nan ta dare. Kalshiyam da maganin ƙarin jini da farin ruwan nan na gyambon ciki, duk suna kama dolutegrabiya tun a hanji su hana shi shiga jini. Ki sha ARV ɗinki awa biyu kafin su ko awa shida bayansu, mafi sauƙi ma ki mayar da su safe ki bar wa ARV darensa shi kaɗai. Kuma tunda kin daɗe kina haɗawa, in kin je karɓar magani ki faɗa musu a sake auna miki jini a ga inda ƙwayar take.

Mai tambaya kan zafin tafin ƙafa kamar ana soka allura, da mai tambaya kan azumi da lokacin shan magani, na ga saƙonninku, wuri ne ya ƙare, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.